Wa Zai Gaya wa Kwamfuta Bambancin Gari da Gari?



A farkon samistar nan wani malaminmu ya liƙa wata takarda mai shafi biyu a allon sanarwa na sashenmu, daidai ƙofar ɗakin kwamfuta. Da Turanci take, ƙananan baƙaƙe, ba hoto ba kala. Kira ne daga masu shirya wani taron masana na duniya, suna neman duk mai bincike a kan yadda na'ura za ta gane ma'anar kalmomi ya aiko da maƙalarsa kafin wata rana da suka tsayar. Kwana uku ta yi a sarari. A na huɗu wani ya liƙa cigiyar katinsa na shaida a kanta, daga baya tallar mai ɗinkin rigar bikin yaye ɗalibai ta rufe rabin da ya rage. Ni kaina na wuce ta ya fi sau goma kafin na tsaya, kuma gaskiya ba son ilimi ne ya tsayar da ni ba, jira nake a buɗe ɗakin in sa cajin waya.

Da na ɗaga tallar na karanta, sai na kira wani abokina da muke aji ɗaya na nuna masa. Ya duba sama-sama ya ce, "Kai malam, wannan ai na 'yan jami'a ne, masu digiri na uku. Mu namu mu gama furojet mu karɓi sakamako mu kama gabanmu." Ban ba shi amsa a lokacin ba, don ni ma haka na ɗauka. Amma na yi makonni ina bin diddigin irin waɗannan taruka, kuma yanzu ina ganin ya yi kuskure, ni ma na yi. Wannan kiran ya shafe mu fiye da yadda ya shafi mutane da yawa da ke amsa shi.

Bari in fara da abin da ake nema, don da yawanmu sunan fannin kaɗai ke korar mu. A rubuta wannan jimla: "Gari ya yi tsada." Me aka ce? In uwar gida ce ta faɗa bayan ta dawo daga wurin mai awo, garin tuwo take nufi. In ɗan ci-rani ne ya faɗa a tasha, zaman birni yake kuka da shi. A baki ba a rikicewa, domin garin tuwo ana jan wasalin farko, garin zama kuwa ba a ja. Amma rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Baƙaƙe huɗu ne iri ɗaya. Kai da ka tashi cikin harshen, kana duba wanda ya yi maganar da inda ya yi ta, ka zaɓi ma'ana ba tare da ka san ka yi wani aiki ba. Kwamfuta ba ta da wannan gatan. Ita baƙaƙe kawai take gani.

Kuma Hausa cike take da irin wannan. "Fari ya ci gonar" da "fari sun ci gonar", ɗan wakilin sunan nan ne kaɗai ya raba rashin ruwan sama da farin dango. Taya na mota, taya na taimako, taya na ciniki. Kwana na barci da kwanar titi. 'Yan sashen kanikanci sun fi kowa sanin cewa direban da ya sa giya da wanda ya sha giya ba hukuncinsu ɗaya ba. Sannan mu da kanmu mun ƙara dagula lamarin, saboda a waya kusan ba mai wahalar da kansa wajen sa ƙugiya. Sai "bakin mutum" ya tashi a matsayin baki na cin abinci da kuma baƙin fata, "kasa" ta haɗa ƙasar haihuwa da macijiya da gazawa da kasa tumatir a tire. Aikin koya wa na'ura ta zaɓi ma'anar da ta dace a cikin jimla, shi ne ɗaya daga cikin tsofaffin matsalolin wannan fanni. Tun a 1960 wani masani mai suna Yehoshua Bar-Hillel ya yi gardamar cewa na'ura ba za ta iya fassara ta ƙwarai ba, domin zaɓen ma'ana yana buƙatar sanin duniya, ba sanin ƙamus kaɗai ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne "ci" da "sha". Mun ci tuwo, mun ci jarrabawa, mun ci bashi, an ci amana, an ci zaɓe, an ci mutunci, kasuwa ta ci, wuta ta ci gida. Mun sha ruwa, mun sha wahala, mun sha kaye, mun sha duka, mun sha rana. Philip Jaggar na makarantar SOAS da ke Landan da Malami Buba sun yi rubutu a kan waɗannan kalmomi biyu a wani littafi da ya fito a 2009, inda suka nuna cewa abin ba a hargitse yake ba. Galibi mai "ci" shi ke da rinjaye a kan abin da ya ci, mai "sha" kuwa shi abin ke faɗa wa. Da na karanta wannan sai da na yi dariya ni kaɗai, don shekara ashirin da wani abu ina ci ina sha a baki ban taɓa lura ba. To ka ga, a nan akwai ƙa'ida wadda masanin harshe ya gano, akwai kuma tambayar da ɗalibin kwamfuta zai iya gwadawa: shin manhajojin fassara da na hira da muke amfani da su kullum sun kama wannan ƙa'ida, ko laluben duhu suke yi? Wannan tambaya kaɗai ta isa maƙala.

Yadda na'urorin yanzu ke koyon ma'ana ba wani sihiri ba ne. Ana ba su rubutu mai ɗimbin yawa, su riƙa ƙirga wace kalma ke yawan zama kusa da wace. Kalmar da ke yawo da tukunya da murhu da miya, ta kicin ce. Wadda ke yawo da sarki da ganuwa da kasuwa, ta birni ce. Dabarar word2vec da ma'aikatan Google suka fitar a 2013 tana mayar da kowace kalma jerin lambobi guda ɗaya, don haka garin tuwo da garin Kano sai su cakuɗe a wuri guda. Daga 2018, da zuwan BERT da ire-irensa, lambobin kalma suna canjawa gwargwadon jimlar da ta fito a ciki, abin ya yi sauƙi sosai. Amma duk da haka na'ura ba ta sanin abin da ba ta taɓa karantawa ba. Hausar da ta fi yawa a intanet a tsabtace ita ce ta kafofin labarai irin su BBC da Muryar Amurka da DW, sai fassarorin littattafan addini. Saboda haka na'ura ta ƙware a Hausar "rundunar 'yan sanda ta tabbatar", amma ka kai ta garejin kanikawa ko rumfar maƙera ko layin masu sayar da hatsi a Dawanau, sai ta zama baƙuwa.

Yanzu su wa ke shirya tarukan? Babbar ƙungiyar fannin ita ce ACL, wadda aka kafa a Amurka a 1962. Tana da babban taro duk shekara, tana da na shiyyoyi, kuma a ƙarƙashinta akwai rukunin masu nazarin ma'anar kalmomi. Su ne suka fara wata gasa a Ingila a 1998 mai suna Senseval, a kan wannan matsala ta zaɓen ma'ana, da Turanci da Faransanci da Italiyanci. A 2007 aka faɗaɗa ta aka koma kiranta SemEval. Tun 2012 kuma akwai taro na musamman a kan ma'ana da ake kira *SEM. Duk maƙalun da aka karɓa a waɗannan wurare ana zuba su kyauta a rumbun da ake kira ACL Anthology. Ba rajista, ba kuɗi, data kawai za ka ƙona. Wannan kaɗai da an gaya mana tun muna ND da an taimake mu.

Ga kuma abin da ya sa na ce abokina ya yi kuskure. Hausa ta riga ta shiga waɗannan zaurukan, kuma 'yan gida ne suka shigar da ita. A 2022, a taron LREC da aka yi a birnin Marsai na Faransa, Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka gabatar da NaijaSenti, tarin dubban saƙonnin Twitter a harsuna huɗu: Hausa, Ibo, Yarbanci da Turancin buroka. Kowane saƙo mutane uku masu jin harshen suka karanta suka yanke ko na yabo ne, ko na suka, ko tsaka-tsaki. Aikin ya girma ya zama AfriSenti mai harsunan Afirka 14, kuma a 2023 ya zama ɗaya daga cikin gasannin SemEval. Ma'ana, ƙungiyoyi daga ƙasashe daban-daban suka zauna suna fafatawa a kan wa zai fi gane zagi da yabo a Hausar Twitter. A 2024 aka sake wata gasar a kan auna kusancin ma'ana tsakanin jimloli biyu, nan ma da Hausa a ciki. Ka yi tunani: ɗalibi a wata nahiya, wanda bai san "sannu" ba, yana samun maƙala da Hausarka, kai kuma kana nan kana cewa abin na 'yan jami'a ne.

Kuma kada a ɗauka aikin ya ƙare. Duk wanda ya taɓa zama a shafukan sada zumunta na Arewa ya san inda na'ura za ta faɗi. "Allah ya isa" kalmomi ne uku masu tsarki, ba zagi ko ɗaya a ciki, amma ba wanda ke so a yi masa. "Ka kyauta" na iya zama godiya, na iya zama farkon gaba. "Shege!" a gidan kallon ƙwallo yabo ne. "Sannu da ƙoƙari" daga bakin lakcara bayan ya duba takardarka, kai ka san abin da ake nufi. Sannan ga bambancin kari. A Nijar, inda aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, za ka ji yaro ya kira malamin makarantar boko "mushe", daga Faransanci aka aro. Ka kawo wannan jimlar gaban na'urar da ta koyi Hausar Kano kaɗai, ka ga abin kunya. Ko a rubutu ma, abin da muke rubutawa da 'y su da ƴ suke rubuta shi. Sakkwatanci, Katsinanci, Zazzaganci, Damagaranci, Hausar zangon Kumasi, kowanne da inda zai ba na'ura ruwa.

To mu 'yan kwalejin kimiyya da fasaha me muke da shi wanda wasu ba su da shi? Muna da sana'a a hannu. Ɗan kanikanci yana zuwa SIWES ya yi watanni a gareji yana jin kafireto da totur da salansa da fulogi. Ɗan aikin gona ya san sunayen ciyayi da cututtukan dabbobi yadda manomi da makiyayi ke kiransu. 'Yar sashen kimiyyar ɗakin gwaji ta ji yadda majinyaci ke bayyana ciwonsa, ta san cewa "sanyi" a bakin mace a asibiti ba hunturu take nufi ba. 'Yan aikin jarida sun iya ɗaukar hira, 'yan laburare sun iya tsara bayanai, 'yan lissafin ƙididdiga sun iya auna ko sakamako na gaske ne ko sa'a ce. Duk a harabar nan ɗaya, muna cin abinci a rumfa ɗaya. Farfesa a Turai yana da na'urori masu ƙarfi, amma ba shi da hanyar sanin abin da bakanike ke nufi in ya ce mota tana shan mai ko tana cin taya, sai dai ya nemi irinmu.

Amma me muke yi da wannan arzikin? Mu faɗa wa juna gaskiya. Duk shekara ɗaruruwanmu na rubuta furojet a kan tsarin biyan albashi na kwamfuta, ko tsarin rajistar ɗalibai, ko tsarin ajiyar magani, a canja sunan ma'aikata kawai. Wasu ma ba sa wahalar canjawa, akwai shagunan buga takardu a bakin get da kowa ya san abin da ake sayarwa a cikinsu bayan fotokwafi. A yi bango mai kauri, a rubuta suna da ruwan zinare, a kare a gaban malamai cikin minti goma, a kai sito, gara ta gama da shi. Na taɓa shiga ɗakin da ake tara su a lokacin ina neman wani tsohon aiki, na tarar an jera su har rufi, na ƙasan duk sun jiƙe. Kuɗin iyayenmu ne da shekara guda ta rayuwarmu. A 2024 hukumar NBTE ta raba kwas ɗin HND na kimiyyar kwamfuta gida huɗu, ɗaya daga ciki na ƙirƙirarriyar basira ne. Madalla. Sai dai in sunan kwas ya canja amma furojet bai canja ba, riga kawai aka sake.

Ga abin da nake ganin ɗalibai huɗu za su iya yi a samista biyu. Su zaɓi kalmomi ashirin masu ma'ana fiye da ɗaya, irin su gari, fari, kai, taya, baki, kasa. Kowace kalma su tattaro mata jimloli ɗari na gaske, daga jaridu da shirye-shiryen rediyo da bakin masu sana'a, da izininsu. Su ɗauko ma'anonin daga ƙamus. Muna da na Bargery na 1934 mai kalmomi kimanin 39,000, wanda ya nuna tsawon wasali da karin sauti, muna da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 wanda ya yi bayanin Hausa da Hausa. Mutum uku, kowa shi kaɗai ba tare da leƙen na wani ba, ya sa wa kowace jimla alamar ma'anar da ya ji. A ƙirga sau nawa suka yi ittifaƙi, a duba inda suka saɓa, don sau da yawa a nan abin sha'awar yake. Daga nan a gwada dabaru. A fara da mafi sauƙi, wato a riƙa zaɓen ma'anar da ta fi yawa kullum. A gwada tsohuwar dabarar Michael Lesk ta 1986, mai kwatanta kalmomin jimla da kalmomin bayanin ƙamus. A gwada AfriBERTa, wadda aka horar a 2021 da harsunan Afirka 11 har da Hausa, da rubutun da bai kai gigabait ɗaya ba, kuma tana nan kyauta. A cire ƙugiyoyi a sake gwadawa a ga nawa aka yi asara. Abin da ya fito a rubuta shi yadda yake, ko da bai yi daɗi ba. Tarukan ACL suna karɓar gajeriyar maƙala mai shafi huɗu, doguwa kuma takwas. Shafi huɗu! Babi na biyu na furojet ɗinmu, wanda rabinsa kwafe ne, ya ninka haka sau biyar.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini. Na farko Turanci. Gaskiya ne, da Turanci ake rubutawa, kuma abin yana yi mini ciwo cewa maƙala a kan "ci" da "sha" ba za a iya gabatar da ita da harshen masu ci da shan ba. Amma Turancin waɗannan maƙalu ba na adabi ba ne, gajerun jimloli ne da jadawali. Wanda ya iya rubuta rahoton gwaji zai iya. Kuma a manyan tarukan ana cire sunan marubuci da na makarantarsa kafin a miƙa wa alƙalai, galibi mutum uku. Wanda ke duba aikinka bai san ko daga Kambirij kake ko daga nan ba, bai san HND gare ka ko digiri ba. Mu da muka gaji da jin zancen fifita digiri a kan HND a wurin ɗaukar aiki, ga wuri guda da ba a tambayar takardarka kafin a karanta aikinka, kuma mu ne muka fi kowa gudunsa. Akwai ma zama na musamman na ɗalibai a tarukan ACL, inda ake haɗa ka da wani masani ya duba maka rubutun kafin ka miƙa.

Na biyu kuɗi da biza, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce. Rajistar taro ɗaruruwan daloli ce, ban da jirgi da masauki. Tallafin halartar taro na TETFund na ma'aikata ne. Ko masu kuɗin ma sun sha wuya: a 2018 da 2019 an hana masu bincike da yawa daga Afirka bizar shiga Kanada don halartar taron NeurIPS, har abin ya zama abin magana a duniya. Ba zan ce wa kowa hanyar a share take ba. Abin da zan ce shi ne, miƙa maƙala kyauta ne, shiga gasar SemEval kyauta ne, sai an karɓa ake maganar rajista. Yawancin tarukan yanzu suna ba da damar gabatarwa ta intanet da kuɗi kaɗan, suna da tallafi ga ɗalibai da 'yan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, suna kuma yafe rajista ga masu aikin sa-kai. Taruka sun fara matsowa kusa ma. An yi ICLR a Kigali a 2023, Deep Learning Indaba kuwa tun da aka fara shi a Johannesbag a 2017 a Afirka yake yawo, ya zo Akara a 2023, ya zo Dakar a 2024. Ko da an ƙi maƙalarka, za a dawo maka da sharhin masana uku da suka karanta ta layi-layi. Ni dai tun da na shigo makarantar nan ban taɓa samun wanda ya karanta aikina haka ba.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, kuma ba abokina ne ya kawo shi ba, ni na kawo wa kaina. Akwai haɗarin mu zama 'yan ga-ruwan wannan fanni. A ɗauke mu mu sa wa jimloli dubbai alama a biya mu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wasu su rubuta maƙala da sunansu, kamfani ya gina manhaja ya dawo ya sayar mana. Wannan yana faruwa, kuma duk wanda aka kira irin wannan aikin ya kamata ya tambaya tun farko: ina bayanan za su je, za a sake su kyauta ko rufewa za a yi, kuma sunana zai fito? Ƙungiyar Masakhane, wadda sunanta da harshen Zulu ke nufin mu gina tare, ta nuna cewa ana iya yi ta wata hanyar. Maƙalarsu ta 2020 a kan fassarar na'ura tana ɗauke da sunayen marubuta fiye da arba'in daga ƙasashe da dama, don sun ɗauki mai harshe a matsayin abokin bincike. Ƙofarsu a buɗe take, haka ma ta HausaNLP. Maganin zama ɗan ga-ruwa shi ne ka koyi rubuta maƙalar da kanka, ƙaurace wa fagen ba zai hana a ɗebi Hausarka ba, don tana nan zube a Facebook.

Sai kuma gargaɗi, don kada wani ya karanta wannan ya faɗa hannun 'yan damfara. Ba kowane kira ne kira ba. Ni ma an taɓa turo mini wani ta imel, da suna mai tsawo da tambari mai ƙyalli, wai taron duniya. Na duba sai na ga suna karɓar komai, daga aikin jinya har ginin gada har nazarin waƙa, kuma sun yi alkawarin amsa cikin kwana biyu. Wa zai tantance bincike a kwana biyu? Lambar asusun banki ce ta fi komai girma a shafin. Taro na gaske yana da fanni ƙayyadadde, yana bayyana sunayen masu shirya shi da jami'o'insu, tantancewa na ɗaukar makonni, kuma za ka iya ganin maƙalun shekarun baya ka karanta. In ba ka ga na bara ba, riƙe kuɗinka.

Ina da ƙorafi ga malamanmu kuma, cikin ladabi. Masana Hausa suna can suna tarukansu, akwai Ƙungiyar Nazarin Harsuna ta Nijeriya, akwai mujallar Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero mai dogon tarihi. Masana kwamfuta su ma suna nasu. Da wuya ka ga sun zauna a tabarma ɗaya. A nan makarantar, malamin da ke koya mana darasin harshe da sadarwa da wanda ke koya mana rubuta manhaja ofisoshinsu ba su fi taku hamsin tsakani ba, amma ban taɓa jin an haɗa su duba furojet ɗaya ba. Roƙona shi ne sassa su yarda ɗalibi ya yi irin aikin da na zayyana a matsayin furojet, a ba shi masu dubawa biyu, ɗaya na harshe ɗaya na kwamfuta, kuma a daina auna aiki da kaurin bango.

Ƙungiyar ɗalibai kuma, tunda a mujallarta nake rubutu, bari in faɗa a gabanta. Muna biyan kuɗin ƙungiya duk shekara. Ana makon ɗalibai, ana hayar kujeru da rumfa da makaɗi, ban ce a daina ba, ni ma ina zuwa. Amma abin da za a kashe a yammaci ɗaya zai sayi datar wata shida da man janareto ga rukuni biyu ko uku. A sa mutum ɗaya a ofishin daraktan harkokin karatu ya riƙa bin waɗannan kiraye-kiraye, ya fassara su da Hausa a taƙaice, ya tura a zaurukan WhatsApp na sassa tun da sauran lokaci. Gasannin SemEval yawanci suna sakin bayanan horo wajen watan Satumba, a yi gwaji a Janairu, a rubuta maƙala bayan nan, ka ga ya yi daidai da zangon furojet. Wani ɗan sirri ma: wa'adin da suke sawa galibi da agogon da ya fi na kowa jinkiri a duniya ake lissafa shi, awa 13 ke tsakaninmu. In an ce ƙarfe 11:59 na daren Litinin, mu nan muna da har 12:59 na ranar Talata. Ko wuta ta ɗauke cikin dare, da sauran dama da safe.

Wa'adin takardar can ta allo ya riga ya wuce, na cire ta na ajiye a cikin littafina. Mu huɗu ne yanzu, biyu daga kwamfuta, ɗaya daga aikin jarida, ɗaya daga kanikanci, kuma abokin nan nawa yana ciki, ko da yake har yanzu yana cewa rakiya ya yi mini. Mun tara jimloli a kan kalmomi shida. "Kai" ce ta fi ba mu wahala, mun yi kusan awa guda muna musu a kan ko "kai" na "ya kai ƙara" da na "ya kai shekara goma" ma'ana ɗaya ce ko biyu, ba mu rabu da matsaya ba. Muna neman wanda ya tashi a Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi, da kuma 'yan uwa mata, don duk mu huɗun maza ne kuma jimlolinmu sun fara nuna haka. Muna haɗuwa kowace Alhamis bayan la'asar a ɗakin kwamfuta na biyu. A zo da biro da littafi, kujerun ba su da yawa.